Tufka da Warwara a Ƙagaggen Labari: Tambayoyin Marubutan Katsina Kan Manhajojin Riƙe Zaren Labari

Na daɗe ina duba wa 'yan'uwa marubuta rubutunsu kafin su sake shi ga masu karatu, wasu a nan cikin birnin Katsina, wasu daga Daura, Funtuwa da Dutsin-ma. Abin da na fi cin karo da shi shi ne mantuwa. Marubuciya ta zuba labari mai ratsa zuciya, sai ka tarar kakar da aka yi wa sadakar arba'in a feji na 12 tana zaune a wajen kamu a feji na 70. Ga tambayoyin da aka fi maimaita min. Wasu daga mata suka zo, wasu daga maza, na kuma amsa wa kowa yadda ya tambaya.

1. Me ake nufi da tufka da warwara a labari, kuma ina ruwan manhaja da shi?

Shi ne labari ya faɗi abu a nan, ya ƙaryata kansa a can, ba da niyyar marubuci ba. Yarinyar da aka ce marainiya ce ta kira mahaifinta a waya. Gidan da aka ce yana Rafindaɗi ya wayi gari a Sabuwar Unguwa, ba a ga ranar tashi ba. Wanda ya karye a hannun dama ya dawo da ɗauri a na hagu. Mai karatu yakan yafe kuskuren harafi, amma irin wannan yana fizgo shi daga cikin labarin.

Dalilin a fili yake. Littafi mai kauri ana rubuta shi cikin watanni, tsakanin girki, aiki, makaranta da ɗauke wuta. Mai karatu kuwa yakan cinye shi cikin kwana biyu, don haka feji na 12 yana nan ɗanye a kansa lokacin da ya isa na 70. Aikin manhaja shi ne ta riƙe wa marubuci abin da ƙwaƙwalwarsa ta saki, ta kuma ba shi hanyar nemo shi nan take.

2. Akwai manhajar da zan zuba mata littafina gaba ɗaya, ta fito min da duk inda na yi warwara?

Babu wadda zan ce ki miƙa mata wannan amanar ki juya baya. Manhajojin da ake tallatawa don gyaran rubutu, irin su Grammarly, ProWritingAid da PerfectIt, a kan Turanci aka gina su. PerfectIt, alal misali, tana duba ko an rubuta kalma ɗaya ta hanya biyu a cikin takarda, amma da ƙa'idojin Turanci take aunawa. Ki ba su Hausa, su ja wa kusan kowace kalma jan layi.

Waɗanda ke yi mana amfani na gaske su ne masu aiki da kowane harshe: masu adana bayanan taurari da wurare, masu nemo kalma a duk inda take, da masu lissafin kwanaki. Dukkansu abin da kika gaya musu suke tunawa. Idan ba ki taɓa rubuta cewa Hajiya Babba ta rasu a feji na 12 ba, babu abin da zai tsayar da ke a na 70. Maganar ƙirƙirarriyar basira daban ce, tana tambaya ta 14.

3. Kullum kana cewa a buɗe kundin labari. Mene ne shi, me ake zubawa a ciki?

Fayil ne daban da littafin, wanda mai karatu ba zai taɓa gani ba, inda kike ajiye duk gaskiyar duniyar da kika ƙaga. Kowane tauraro da shafinsa: cikakken suna, laƙabi, shekarar haihuwa, kamanni, tabo ko ciwo, karatu, sana'a, abin hawa. A labarin gidan Bahaushe dole a ƙara abin da fom ɗin manhajojin waje ba ya tambaya. Ɗan wane ɗaki ne? Na nawa ne a wajen uwa, na nawa a wajen uba? Agola ne, ɗan riƙo ne, ko ɗan gida? Uwarsa tana gidan ko ta fita? Gida mai mata uku da 'ya'ya goma sha bakwai ba a riƙe shi da ka.

Akwai layi ɗaya da na fi nanatawa: wa ya san me, kuma tun yaushe. Labaranmu da yawa a kan sirri suke tsayawa, asalin yarinya, auren ɓoye, takardar gado. Idan uwargida ba ta ji labarin ba sai feji na 55, to kada ta yi habaici da shi a na 40. Ki rubuta sirrin, ki jera waɗanda suka sani, kowa da lambar fejin da ya ji.

Ki sa lambar feji a gaban kowane bayani. "Tabo a goshi, feji na 8." Ta haka za ki bambance abin da ya riga ya shiga labari, wanda ba ya canzuwa, da abin da yake cikin ranki kawai.

4. Waya kawai gare ni, ba ni da kwamfuta. Me zan yi amfani da shi?

Mafi yawan waɗanda nake duba wa aiki da waya suke taifin, kuma ta isa. Google Docs kyauta ce, tana da wurin nema da musanyawa, ana iya saita fayil ya buɗe ko babu data. Idan kika mayar da kan kowane babi ya zama take, za ta jera miki su a gefe ki riƙa tsallakawa. Fayil ɗaya yana ɗaukar haruffa kusan miliyan ɗaya, sai dai ƙaramar waya kan fara nauyi tun kafin a kai can, don haka dogon littafi a raba shi kashi biyu ko uku. Google Sheets kuma ta riƙe jadawalin shekaru da na sunaye (tambaya ta 6 da ta 10).

Don kundin labari, ni Obsidian na fi so. Kyauta ce, tana kan Android, a cikin wayarki take ajiye fayiloli, ba ta neman intanet. Idan kika sa suna tsakanin baka biyu-biyu masu kusurwa, kamar [[Indo]], sunan ya zama ƙofa zuwa shafin Indo, shafin kuma ya nuna miki duk inda aka ambace ta. Akwai kuma Novelist, manhajar Android ta kyauta da ke da wuraren taurari, wurare da fitowa a shirye.

Abu ɗaya nake roƙo: kada a yi taifin kai tsaye a WhatsApp. A rubuta a fayil, a kwafa zuwa guruf. Labarin da ke warwatse cikin saƙonni ba ya dubuwa.

5. Ina da laftof. Word ya ishe ni, ko in nemi Scrivener da nake ji ana faɗa?

Word ya isa idan ka san shi. Ctrl da F suna buɗe gefen da ke jera maka duk inda kalma ta fito, kowace da jimlarta. Yana iya gwama fayil biyu ya nuna abin da ya canza, yana iya nuna gyaran mai duba maka da wani launi don ka amince ko ka ƙi.

Scrivener ta kamfanin Literature & Latte ce da ke Ingila, ta fito a 2007. Amfaninta shi ne tana yanka littafi fitowa-fitowa, kowace da katinta, kundin taurari kuma yana gefe a cikin aiki ɗaya. Kana iya raba allo biyu, babi na 3 a sama, na 30 a ƙasa. Sau ɗaya ake sayenta, akwai gwajin kwana 30 da ake ƙirgawa da ranakun da ka buɗe ta. Tana kan Windows, Mac da iPhone, babu ta a Android, wannan kuwa babban cikas ne ga mai rubutu a waya da rana, laftof da dare.

Wanda ba ya son kashe kuɗi ya duba yWriter, wadda marubuci Simon Haynes na Ostireliya ya ƙirƙira. Kyauta ce a Windows. A kowace fitowa kana zaɓar su wa ke ciki, a ina, da wane kaya, daga baya ta nuna maka duk fitowar da wane ya bayyana. Manuskript ma kyauta ce. Ka guji kwafin sata na masu tsada. Haƙƙin wasu ne, kuma ta irinsu cuta ke shiga kwamfutar da aikinka na shekara yake ciki.

6. Jarumata mutum ɗaya ce amma sunanta ya kai biyar, ya danganta da mai kiran. Yaya zan riƙe wannan?

Nan ne rubutun Hausa ya fi wahalar da manhajojin waje. A'isha ce a takardar makaranta, Indo a bakin kakarta, A'i a wajen ƙawaye, Humaira a wajen saurayi. Idan sunan kakar aka mayar mata, iyayenta ba za su iya faɗarsa ba, sai su ce Ummi ko Mama. Idan 'yar fari ce, uwarta na iya yi mata alkunya har ƙarshen littafi ba ta kama sunan ba. Haka Abubakar yake zama Garba, Habu ko Sadiƙu, Usman ya zama Shehu ko Mani. Matarsa kuwa ta ce Malam, ko Abban wance.

Wannan kiran yana ɗauke da ma'ana. Uwar da ta yi feji sittin tana kunyar sunan 'yarta, ranar da ta kira shi da bakinta, mai karatu zai ji wani abu ya tsinke. Idan kuwa mantuwa ta sa ta kira shi tun a feji na 20, kin ɓarar da wannan ranar tun ba ta zo ba.

Ki yi jadawali a Google Sheets ko Excel. Masu kira a jere daga sama zuwa ƙasa, waɗanda ake kira daga hagu zuwa dama, kowane gida ki sa sunan da wannan ke kiran wancan. Inda kira ya canza, misali Yaya ya koma wani suna bayan aure, ki rubuta fejin. Obsidian tana ba da damar a jera wa shafi ɗaya laƙabobi da yawa, sai ta gane Indo da Humaira mutum ɗaya ne. Novelcrafter ma tana yin haka, amma ita wata-wata ake biya.

7. Na yi nisa sai na ga sunan jarumin bai kwanta min ba. In danna "musanya duka" kawai?

A'a, dakata. Sunayenmu da yawa suna kwance a cikin kalmomin yau da kullum. Ka ce a mayar da Musa ya zama Bala, "musamman" ta koma "Balamman", "musaya" ta koma "Balaya". Isa yana cikin nisa, bisa da kisa. Ali yana cikin hali, dalili da iyali. Sani yana cikin masani. Na taɓa karɓar rubutun da aka yi wa haka aka kuma adana a kansa, sai da muka yi kwanaki muna tsince ɓarnar ɗaya bayan ɗaya.

Ka fara ajiye kwafi (tambaya ta 15). A Word ka danna Ctrl da H, ka kunna zaɓi biyu: wanda ke bambance babban harafi da ƙarami, da wanda ke neman cikakkiyar kalma kaɗai. Sannan ka tuna sunan Hausa yana ɗaukar ɗafi, wanda zaɓi na biyu zai tsallake: Musan Hajiya, Musana, A'ishar gidan, Bintata. Waɗannan sai ka neme su daban. Ka riƙa musanyawa ɗaya-ɗaya kana gani da idonka, ka kuma duba laƙabin, don Garba ba zai zauna a kan wanda ya tashi daga Abubakar ya koma Yusufu ba.

8. Wani wuri na rubuta Khadija, wani Khadeejah, wani Kadija. Ta yaya zan gano su alhali ban san iri nawa na yi ba?

Akwatin nema yana samo abin da kika san kina nema ne kawai. Abin da kike buƙata shi ne jerin duk kalmomin da ke littafin. AntConc, manhajar kyauta ta kwamfuta da Laurence Anthony na Jami'ar Waseda ta Japan ya yi don masu nazarin harshe, tana yin wannan da kowane harshe. Ki adana littafin a matsayin rubutu zalla da tsarin UTF-8 don ƙugiyoyi su tsira, ki loda, ki ce ta jera kalmomin bisa abacada. Kowace za ta fito da adadinta, 'yan'uwan juna kusa da juna. Kalmar da ta fito sau ɗaya tak ita ce abar zargi.

Jerin zai kuma tona miki gaurayen ƙa'idar rubutu: "yace" da "ya ce", "shine" da "shi ne", "zasu" da "za su". Rabawa ita ce ƙa'ida. Scrivener ma tana da ƙididdigar maimaituwar kalmomi a cikinta.

9. Me ya sa in na nemi kalma ba ta fitowa, ga shi na tabbata tana ciki?

Kusan kullum haruffa masu ƙugiya ne. A wajen na'ura k daban, ƙ daban. Idan wata rana ka rubuta Ɗanladi, wata rana Danladi, wata rana D'anladi, mutum uku ne a idonta, kuma neman ɗaya ba zai kawo sauran ba. Ka tsayar da hanya ɗaya. A waya, ka ƙara Hausa a kibod ɗin Gboard, za ka sami ɓ, ɗ da ƙ. A kwamfuta akwai Keyman, kyauta. A Word kuma kana iya shiga wurin alamomi ka ba kowane harafi maɓallan da za su riƙa fito da shi.

Idan ka saba da k', d' da b', musanya su zuwa ƙ, ɗ da ɓ ba shi da wuya, sai dai ka yi manyan daban, ƙananan daban. Masu tsofaffin fayiloli da aka buga da font irin Rabi'at su lura: a can wasu alamomi aka ara aka yi musu siffar ƙugiya, shi ya sa da an canza font sai ka ga "}asa" da "]aya". Waɗannan ma a mayar da su haruffan gaske kafin a fara kowane bincike.

10. Lissafin lokaci ne ke kayar da ni: shekaru, ciki, idda. Wace manhaja ce ke yin sa?

Jadawali mai layi huɗu ya fi komai: lambar feji, kwanan wata a cikin labari, abin da ya faru, su wa ke wurin. Ko da ba za ki taɓa faɗa wa mai karatu shekarar ba, ke ki zaɓa ki rubuta. A wani shafin ki sa shekarar haihuwar kowa, ki bar Sheets ta debe ta daga shekarar fitowa. Nan take za ki ga ko yayan da ya girmi ƙanwarsa da shekara shida ya koma sa'anta, ko uwa ta haifi ɗanta tana da shekara tara.

Sheets da Excel suna tara kwanaki a kan kwanan wata, kuma rayuwar Bahaushe cike take da ƙidaya da masu karatu suka haddace. Suna bayan mako guda da haihuwa. Wankan jego kwana arba'in. Ciki wajen mako 40. Takaba wata huɗu da kwana goma, kusan kwana 130, sai mai ciki wadda iddarta ke ƙarewa da haihuwa. Yi wa ƙasa hidima shekara ɗaya. Idan kika ɗaura wa bazawara aure kafin lokaci ya cika, masu karatu za su ɗauka da gangan ne, su jira hukuncin da ba zai zo ba.

Su kuma waɗannan manhajojin suna faɗar ranar mako ta kowane kwanan wata, abin da sunayen rana ke buƙata. An ƙirƙiri Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba 1987, Laraba ce. Jarumar da kika ce an haifa ran nan Balaraba ce, ba za ta zama Jummai ba. Haka Azumi sai a watan azumi, Gambo sai bayan tagwaye, Auta kuma ba ta da ƙane a ɗakinsu. Mai labarin zuri'a uku da ke da hali na iya sayen Aeon Timeline, wadda ke nuna shekarun kowa a kowane aukuwa, tana kuma haɗuwa da Scrivener.

11. Labarina ya ratsa shekaru goma sha biyar, kuma azumi da Sallah suna yawan fitowa. Akwai abin lura?

Akwai. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 zuwa 11, don haka azumi yana zagaya yanayi. A 2000 ƙarshen Nuwamba ya kama, cikin hunturu. A 2010 Agusta ne, tsakiyar damina. A 2016 farkon Yuni, a 2024 kuwa Maris, cikin zafin bazara. Marubuci yakan siffanta kowane azumi da yanayin wanda ya yi bana, sai ka ga shekara goma sha biyar duk ana shan ruwa da mangwaro.

Ka nemi manhajar juya kwanan wata tsakanin Hijira da Miladiyya, suna da yawa kyauta, ka ƙara layi biyu a jadawalin tambaya ta 10: watan Musulunci da yanayi. Ka bar sararin kwana ɗaya ko biyu saboda ganin wata. Mai kai labarinsa Daura ya tuna Sallar Gani a watan Maulidi take, tana matsawa kamar yadda azumi ke matsawa.

12. Wurare da abubuwan zamani fa? Wata ta ce min jarumina ya yi amfani da abin da babu shi a lokacin.

Ka buɗe shafi a kundin mai suna "yaushe ya zo". Wayar GSM ta fara a Najeriya a 2001, takardar naira 1,000 a 2005, WhatsApp a 2009. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa an kafa ta a 2006 da sunan Jami'ar Jihar Katsina, daga baya aka canza sunan, don haka wanda ya gama digiri a 1998 ba a can ya yi ba. Kafin 1987 kuma ɗan Katsina ɗan Jihar Kaduna ne a takarda.

Ga wurare, Google Maps na ba da nisa. Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ne, ba tafiyar da za a yi tsakanin kiran salla da tayarwa ba. Mai zuwa Kano ta wajen Ƙofar Ƙaura yake fita. Gidan da ka ƙaga kuwa, zana shi a takarda: zaure, turaka, ɗakin kowace mata, madafa, rijiya. Ka ɗauki hotonsa ka saka a kundin. Wanda ke laɓe yana jin hira dole ɗakinsa ya kasance inda zai ji.

13. Wasu taurarina Katsinanci suke yi, wasu daidaitacciyar Hausa. Yaya zan hana su gaurayewa?

Ki rubuta wa kowane mai karin harshe ɗan jerin kalmominsa a shafinsa: tahi, hwaɗi, mi, ɗiya, hulla. Guda biyar zuwa goma sun isa. Bayan kin gama, ki nemi kishiyoyinsu, wato tafi, faɗi, me, ki duba ko sun faɗo a bakinsa. Idan kaka ta ce "mi kake so" a farko, kada ta koma "me" a tsakiya sai da dalili. Yarinyar da ta yi shekaru a Kano tana iya dawowa da wani baki, wannan kuwa abin amfani ne idan kin sa wani a gidan ya lura. A nan ki kiyayi "musanya duka" (tambaya ta 7), don zai goge Katsinancin da kika sa da gangan.

14. ChatGPT da ire-irensa fa? Sun iya Hausa, ba za su iya duba min ba?

Suna taimakawa, da sharaɗi. Abin da suka fi yi da kyau shi ne tsamo bayani: ki ba su babi ki ce su jera duk wanda ya fito da abin da aka faɗa a kansa. Wannan yana rage wahalar gina kundi. NotebookLM ta Google tana amsawa daga fayilolin da kika loda mata, tana kuma nuna gurbin da ta ɗauko amsar, don haka kina iya zuwa ki gani.

Inda suke kasawa shi ne su faɗi abin da babu shi da cikakken ƙarfin gwiwa, ko su tsallake kuskure na gaske a dogon rubutu. Alkunya da habaici sukan ruɗa su, su ce miki Ummi da A'isha mutum biyu ne, ko su ɗauki ƙaryar da tauraro ya yi da gangan a matsayin kuskurenki. Ki yi musu ƙaramar tambaya mai iyaka, "kawo duk jimlar da ta ambaci shekarun Indo, da lambar babi", sannan ki tabbatar da kowace da akwatin nema. Kafin ki loda littafin da ba ki saki ba, musamman na kuɗi, ki shiga saitin manhajar ki karanta abin da suke yi da rubutun da aka ba su. Kuma kada ki bari su sake miki jimla. Muryarki ce masu karatu suka biyo.

15. Na gyara wani abu jiya, yau ban san wanne fayil ne na ƙarshe ba.

Warwara da yawa daga nan take fitowa: an gyara a waya, an ci gaba a tsohon kwafin laftof. Ka tsayar da fayil ɗaya a matsayin uwa, a nan kaɗai ake gyara. Kwafin ajiya ka sa masa kwanan wata a suna, shekara a gaba, kamar 2025-03-14, don su jeru da kansu. Google Docs tana adana tarihin gyare-gyare, an fi ganinsa sosai a kwamfuta. Scrivener tana ba ka damar ajiye kwafin fitowa kafin ka taɓa ta.

Ajiya kuma ta zama wuri uku: na'urarka, Google Drive mai ba da gigabait 15 kyauta, da imel ko filashi. Kada dandalin da kake sakin labari ya zama shi ne ma'ajiyarka. OkadaBooks ta rufe a ƙarshen 2023, waya kuma tana faɗawa ruwa ko a sace ta.

16. Feji-feji nake saki a guruf. Na gano kuskure bayan mutane sun karanta. Yaya zan yi?

WhatsApp minti 15 kawai yake ba da damar gyara saƙo, bayan haka fejin ya riga ya yi tafiya zuwa gurufan da ba ki ma san da su ba. Idan ƙaramin abu ne, launin mota ko sunan unguwa, ki faɗa a saman feji na gaba cikin layi ɗaya, ki gyara a fayil uwa. Masu karatunmu suna karɓar wannan da kyau. Idan babba ne, ki zauna da kundin ki ga ko labarin zai iya ɗaukarsa ta hanyar da ba ta raina hankalin mai karatu ba. In ba zai iya ba, ki faɗi gaskiya ki gyara.

Ki riƙa kasancewa gaba da masu karatu da feji biyar ko fiye, don kuskure ya sami lokacin bayyana kafin ya fita. Ki kuma nemi mutum ɗaya cikin masu bibiyarki, irin wadda ke tuna sunan mai aikin gidan da ya fito sau ɗaya, ki riƙa tura mata tun kafin kowa. Abin da ta tsinto ki shigar da shi kundin a ranar.

17. Na riga na kai feji na 80 ba ni da kundi ko jadawali. Daga ina zan fara?

Ki dakatar da sabon rubutu na 'yan kwanaki. Ki tattaro duk fejojin cikin fayil ɗaya ko biyu, ko da daga WhatsApp za ki kwaso su, kowane da takensa. Ki daidaita ƙugiyoyi tukuna (tambaya ta 9), don duk binciken da zai biyo baya a kansu ya dogara. Sannan ki karanta daga farko da Sheets a buɗe, kina cika layi ɗaya ga kowane feji, kina buɗe wa kowane sabon suna shafi. Kada ki gyara komai a wannan zagayen. Duk abin da ya ci karo da wani, ki rubuta shi a jeri daban da lambobin fejojin biyu.

Idan kin kai ƙarshe, ki ɗauki jerin ki yanke wa kowanne hukunci: wanne ne gaskiya, na feji na 12 ko na 70? Ki fara da mutuwa, haihuwa, aure da sirri, don su ne ke jan sauran. Sunaye da launin kaya su zo daga baya. Daga feji na 81 kuma, duk ranar da kika rufe taifin, ki ba kundin minti biyar kafin ki ajiye wayar: wa ya shigo yau, me aka faɗa a kansa, wa ya ji wane sirri, ran nawa ga wata.